Yadda Ake Gyara Gargaɗin Tsaro a Shafin Biyan Kuɗi na Shagon Intanet

Masu shagunan intanet daga Garwa, Marwa, Ngaundere, Kuseri da Njamena sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya. Mai saye ya zaɓi kaya, ya zo biya da Orange Money, MTN MoMo, Airtel Money ko Moov Money, sai waya ta tare shi da jan gargaɗi, yawanci da Faransanci: Votre connexion n'est pas privée. Daga nan ciniki ya mutu. Ga matakan da ake bi, kuma a bi su a jere, domin wanda ya tsallake na farko yakan ɓata yini yana gyaran abin da bai lalace ba.

Tanadi waya biyu masu layi daban-daban, ɗaya sabuwa ɗaya tsohuwa, da kwamfuta mai Chrome da Firefox, da kalmar sirrin shiga cPanel (shafin sarrafa hostin, wato wurin da ka yi hayar ajiye shagon) ko sabar (kwamfutar da shagon ke zaune a kai), da ta wurin da ka yi rajistar sunan shagon, da ta Cloudflare (kamfanin da ke tsayawa tsakanin masu saye da sabarka) idan kana amfani da shi. A nan za mu riƙa misali da shagonka.cm, sai ka sa naka sunan, ko na .cm ne ko .td ko .com.

Gargaɗi tun kafin a fara: kada ka ce wa mai saye ya danna maɓallin Paramètres avancés da ke ƙasan gargaɗin ya wuce. Idan ka koya masa haka a shagonka, ran da ɗan damfara ya kafa shafin bogi mai kama da naka, haka zai danna ya wuce ya zuba lambarsa. Har ka gama gyara, gara ka rufe biya ta shafi, ka karɓi oda ta WhatsApp.

1. Karɓi hoton gargaɗin

"Shafinku ba ya buɗewa" ba bayani ba ne. Ka ce mai sayen ya ɗauki hoton allon gaba ɗaya, har da adireshin da ke sama da agogon wayar. A ƙarƙashin gargaɗin akwai ɗan rubutu da manyan baƙaƙe, shi ne sunan cutar.

NET::ERR_CERT_DATE_INVALID: ko satifiket (takardar shaidar tsaro da shafinka ke nuna wa waya) ya ƙare, ko agogon wayar ba daidai ba. Mataki na 2 da na 3.

NET::ERR_CERT_COMMON_NAME_INVALID: sunan da ke kan satifiket bai dace da adireshin da aka buɗe ba. Mataki na 4.

NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID: wayar ba ta amince da wanda ya ba da satifiket ɗin ba. Mataki na 5.

ERR_TOO_MANY_REDIRECTS, ko shafin Cloudflare mai lamba 525 ko 526: Mataki na 7.

Firefox yana da nasa sunaye na waɗannan uku na farko: SEC_ERROR_EXPIRED_CERTIFICATE, SSL_ERROR_BAD_CERT_DOMAIN, SEC_ERROR_UNKNOWN_ISSUER. Idan kuwa shafin ya buɗe amma an rubuta Non sécurisé kusa da adireshi, ko maɓallin biya ya ƙi motsi, je Mataki na 6.

Wani abu da ke rikita mutane: tun 2023 Chrome ya cire alamar kwaɗo daga gefen adireshi, ya sa wata alama mai kama da maɓallan saiti. Rashin ganin kwaɗo a Chrome ba matsala ba ce.

2. Laifin waya ne ko na shago?

Buɗe shafin biyan da wayarka ta layi ɗaya, sannan ta ɗaya layin, sannan da kwamfuta. Idan kowa yana ganin gargaɗin, matsalar tana wajenka, wuce zuwa Mataki na 3. Idan mutum ɗaya ne ko biyu, fara da na'urarsu.

Agogo shi ne na farko. Wayar da batirinta ya mutu murus bayan doguwar ɗaukewar wuta, ko wadda aka cire wa batir, takan tashi da kwanan wata na shekarun baya. A wajenta satifiket ɗinka bai ma fara aiki ba. A shiga Paramètres, Date et heure, a kunna saitin kai tsaye daga rezo. Kamaru da Chadi duk suna kan GMT+1. Tsohuwar kwamfutar ofis da ke manta kwanan wata duk sanda aka kashe ta, ƙaramin batirin nan mai kama da sulalla da ke cikinta ne ya mutu, lambarsa CR2032, ana samunsa wajen masu gyaran agogo.

Sai hanyar intanet ɗin. Wifi na otal ko na makaranta da ke neman a shiga da lamba yakan tare shafi ya cusa nasa, wayar ta ga satifiket ɗin da ba naka ba. A kashe wifi a gwada da data. A kwamfuta kuma, wasu manhajojin riga-kafi irin su Avast da Kaspersky suna tsayawa tsakanin burauza da shafi suna sa nasu satifiket; idan ka duba sunan mai bayarwa ka ga nasu, ka gano.

Na ƙarshe shi ne tsufan waya. Android da bai kai 7.1.1 ba bai san ISRG Root X1 ba, wato tushe (babban satifiket da waya ke amincewa da shi) na Let's Encrypt, ƙungiyar da ke ba da satifiket kyauta, kuma dabarar da ta sa irin waɗannan wayoyi suke aiki ta ƙare a 2024. A yankinmu har yanzu akwai su a hannun mutane. Idan da yawa daga cikin masu sayenka irin wannan waya suke riƙe da ita, dalili ne na gaskiya na neman satifiket daga wani kamfani mai tsohon tushe, amma ka gwada a kan wayar kafin ka yarda.

3. Satifiket ya ƙare

A kwamfuta danna alamar gefen adireshi, ka buɗe bayanin satifiket, ka duba ranar ƙarewa. Wanda yake da tasha ta Linux (terminal, tagar buga umarni) zai iya bugawa:

openssl s_client -connect shagonka.cm:443 -servername shagonka.cm | openssl x509 -noout -dates -issuer

Satifiket ɗin Let's Encrypt kwana 90 yake yi, kuma an tsara ya sabunta kansa idan ya rage kamar kwana 30. Saboda haka idan ya ƙare, sabuntawar ta yi wata guda tana faɗuwa ba wanda ya lura. Da can suna aiko da imel na tuni, amma sun daina a watan Yunin 2025. Mai jiran wannan imel ba zai gan shi ba.

Idan hostin ɗinka na cPanel ne, shiga SSL/TLS Status, zaɓi sunan shagon, danna Run AutoSSL, ka jira 'yan mintuna. Idan ya ƙi, a gefen sunan za a rubuta dalili, ka karanta shi.

Idan sabar taka ce kai kaɗai, fara da gwaji da certbot, manhajar da ke karɓo satifiket ɗin Let's Encrypt:

sudo certbot renew --dry-run

Idan ya wuce lafiya, sai ka cire --dry-run ka sake bugawa. Gargaɗi: kada ka yi ta maimaita na gaskiyar kana fatan sa'a. Let's Encrypt yana dakatar da kai idan tabbatarwa ta faɗi sau 5 cikin awa ɗaya, kuma ba ya ba da satifiket iri ɗaya sak fiye da 5 a kwana 7. Gwajin ba ya cin wannan ƙidaya.

Abubuwan da suka fi hana sabuntawa su ne waɗannan. An rufe ƙofa ta 80 (port 80, hanyar http ta sabar) da sunan tsaro, alhali ta nan ake tabbatar da kai ne mai shafin. Ko wata doka a fayil ɗin saiti na .htaccess ko filogin (ƙarin manhaja a shafi) na tsaro ya toshe hanyar /.well-known/acme-challenge/. Ko an sauya sabar amma rikodin A a DNS, wato saitin da ke haɗa sunan shagon da adireshin sabar, yana nuna tsohuwar. Akwai kuma wanda ake yawan mantawa, rikodin AAAA, na sabon nau'in adireshi mai suna IPv6: an gyara A an bar AAAA yana nuna wani wuri, kuma Let's Encrypt yana fara gwada IPv6 idan ya gan shi. Idan ba ka amfani da IPv6, share rikodin. Duba kuma rikodin CAA, mai faɗin wanda aka yarda ya ba shagon satifiket; idan akwai shi kuma bai ambaci letsencrypt.org ba, ba za a ba ka ba.

Bayan sabuntawa dole a sake loda sabar, in ba haka ba za ta ci gaba da nuna tsohon da ke ƙwaƙwalwarta:

sudo systemctl reload nginx

nginx da Apache manhajojin sabar ne; mai Apache ya sa apache2 a madadin nginx. Sannan buga systemctl list-timers ka tabbata certbot yana cikin jerin, don kada bayan wata uku a dawo gidan jiya.

4. Suna bai dace ba

A bayanin satifiket akwai jerin sunayen da ya ƙunsa. Adireshin da mai saye ya buɗe dole ya kasance a ciki harafi da harafi. shagonka.cm da www.shagonka.cm sunaye biyu ne, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a karɓo wa ɗaya a bar ɗaya. Karkatarwa, wato tura mai saye daga adireshi ɗaya zuwa ɗayan, ba ta maganin wannan, domin burauza tana duba satifiket kafin ta ji umarnin karkata. A karɓo duka:

sudo certbot --nginx -d shagonka.cm -d www.shagonka.cm

Idan shafin biya yana wani reshe, kamar pay.shagonka.cm, shi ma a ƙara shi. Satifiket mai tauraro, *.shagonka.cm, yana aiki ga reshe mai hawa ɗaya kawai. Ba ya aiki ga www.pay.shagonka.cm, ba ya aiki ga shagonka.cm tsura sai an rubuta shi daban, kuma ba a samunsa daga Let's Encrypt sai ta tabbatarwar DNS.

Idan sunan da ka gani na kamfanin hostin ne ko wani baƙon suna, abu biyu ne: ko ba a ɗora wa shagonka satifiket ba sam, sabar tana miƙa nata, ko rajistar sunan shagon ta ƙare an mayar da shi shafin ajiya. Duba ranar ƙarewar rajistar kafin ka taɓa komai. Idan ita ce, biyan kuɗin sabunta suna shi ne gyaran.

5. Sarƙar da ba ta cika ba

Wannan ya fi kowanne ɓarna, saboda mai shago yakan buɗe a kwamfutarsa ya ga komai lafiya, ya ce masu ƙorafi ne ba su iya ba.

Satifiket ɗinka ba ya tsayuwa shi kaɗai. Wani na tsakiya ne ya sa masa hannu, shi kuma tushen da ke cikin waya ya sa wa na tsakiyar hannu, kamar baƙon ɗan kasuwa da ba a ba shi bashi sai dillalin da aka sani ya tsaya masa. Wannan jeri ake kira sarƙa, kuma aikin sabar ne ta miƙa naka tare da na tsakiyar. Idan ta miƙa naka kaɗai, wasu burauzoji suna nemo na tsakiyar da kansu, wasu ba sa yi.

Babbar asarar ba a idon mai saye take ba. Bayan ya sa lambar sirrinsa kuɗi sun fita, kamfanin da ke haɗa maka biya, irin su CinetPay ko Campay, yakan aiko wa shagonka saƙo daga sabarsa cewa an biya. Wannan sabar ba burauza ba ce, yawanci ba ta neman abin da ya ɓata, sai ta ƙi haɗuwa. Sakamakon: an cire wa mutum kuɗi, odar tana nan a En attente de paiement, shi yana kira da hoton saƙon biya, kai kana duba allo ba ka ga komai ba. Duk wanda odarsa ke maƙalewa haka ya duba sarƙa kafin ya zargi kamfanin biya.

Hanyar dubawa: shiga ssllabs.com/ssltest, rubuta sunan shagon, jira minti biyu zuwa uku. Idan ka ga Chain issues: Incomplete, ita ce. Gwajin kyauta ne, kuma akwai akwatin da za ka danna don kada a nuna sakamakonka a jerin jama'a.

Gyara a nginx: layin ssl_certificate ya nuna fullchain.pem. Da yawa suna sa cert.pem, shi ne tushen matsalar. A Apache 2.4.8 zuwa sama, SSLCertificateFile ma ya nuna fullchain.pem; a wanda ya girme shi ana ƙara SSLCertificateChainFile. A cPanel, idan satifiket na saye ne aka liƙa da hannu, akwai akwati na uku mai suna CABUNDLE, a liƙa fayil ɗin da kamfanin ya haɗo da shi. Idan kana haɗa fayil da hannu, naka a sama, na tsakiya a ƙasa.

Wannan lamba ta AUTHORITY_INVALID tana fitowa kuma idan satifiket ɗin wanda sabar ta ƙera wa kanta ne, ko na gwaji ne da aka karɓo da --staging aka manta. Duba sunan mai bayarwa. Irin waɗannan ba a gyara su, maye gurbinsu ake yi.

Matsalar tana iya zuwa ta ɗaya ɓangaren, wato shagonka ne ya kasa amincewa da sabar kamfanin biya. A WooCommerce, filogin ɗin shago na WordPress, shiga État, Journaux, za ka ga cURL error 60. Sau da yawa ma'anarsa jerin tushen da ke sabarka ya tsufa. A Ubuntu ko Debian sabunta ca-certificates, a hostin na haya kuma rubuta wa masu shi. Gargaɗi mai ƙarfi: za ka ci karo da masu ba da shawarar a mayar da sslverify ko CURLOPT_SSL_VERIFYPEER zuwa false. Kada ka yi. Kuskuren zai ɓace, amma daga ranar shagonka zai yarda da duk wanda ya shiga tsakani ya ce shi ne kamfanin biya.

6. Shafi na https, kayan ciki na http

Satifiket lafiya lau, amma wani hoto, rubutun JavaScript ko fom yana zuwa ta http. Chrome yakan gwada ɗauko hoto ta https da kansa, amma JavaScript toshe shi yake yi kai tsaye. Shi ya sa ake danna maɓallin biya ba abin da ya faru, ko akwatin sa lambar waya ya fito fari fat. Idan kuma fom ɗin ne yake aikawa zuwa http, za a gargaɗi mai saye daidai lokacin da ya danna.

Buɗe shafin biyan a kwamfuta da kaya a cikin kwando, domin shafin da babu kaya ba ya loda filogin na biya. Danna F12, zaɓi Console, nemi layukan da suka fara da Mixed Content. Kowane layi yana ɗauke da adireshin mai laifi.

A WordPress, Réglages, Général, adireshi biyun nan duk su fara da https. Sannan tsofaffin adireshin da ke cikin rumbun bayanai. Gargaɗi: ɗauki kwafin rumbun kafin ka taɓa shi, kuma kada ka yi musanya da umarnin SQL tsura a phpMyAdmin. WordPress yana ajiye wasu saituna tare da ƙidayar haruffansu, ƙarin harafin s ɗaya yana karya ƙidayar, saitin ya ɓace. Yi amfani da filogin Better Search Replace, ko:

wp search-replace 'http://shagonka.cm' 'https://shagonka.cm' --dry-run

Duba adadin da zai canza, sannan ka cire --dry-run. Maimaita da mai www. Mai amfani da Elementor ya shiga Outils ya sake haifar da fayilolin CSS, domin hotunan bango a can suke ɓuya. A PrestaShop, Paramètres de la boutique, Général, akwai maɓalli biyu: kunna SSL, da kunna shi a duk shafuka. Na biyun ne ake mantawa.

Idan abin daga wani shafin waje yake zuwa kuma ba ya da https, sauke shi ka ɗora a sabarka, ko ka cire shi. Shafin biya ba wurin ado ba ne. Duk ƙarin abin da ke lodawa a can ƙarin hanyar lalacewa ne, kuma yana cin datar mai saye.

Sai ka shiga asusunka na kamfanin biya ka duba adireshin dawowa da na sanarwa. Idan an rubuta su da http tun kafin ka sa satifiket, gyara su. Kada ka dogara da karkatarwa: saƙon sanarwar biya (POST) da ya ci karo da karkatarwa (301) yakan isa babu bayanansa, ko ya ƙi isa.

7. Cloudflare da zagaye

Idan shagon yana bayan Cloudflare, satifiket biyu ne a wasa, na tsakanin mai saye da Cloudflare, da na tsakanin Cloudflare da sabarka. Shiga SSL/TLS ka duba yanayin da aka zaɓa. Flexible yana zuwa wa sabarka ta http, ita kuma ta mayar da shi https, ya sake dawowa ta http, har burauza ta gaji ta ce ERR_TOO_MANY_REDIRECTS. Ko da bai yi zagaye ba, bayanan masu saye suna tafiya rabin hanya a buɗe, kuma wannan bai dace da shagon da ke karɓar kuɗi ba. Ɗora satifiket mai kyau a sabar, ka zaɓi Full mai strict.

Lamba 526 tana nufin satifiket ɗin sabarka ya ƙare ko bai dace ba, koma Mataki na 3 da 4. Lamba 525 tana nufin gaisawar tsaro tsakanin Cloudflare da sabarka ma ba ta yiwu ba, duba ko ƙofa ta 443, ta https, a buɗe take. Gargaɗi: satifiket ɗin Origin CA da Cloudflare ke bayarwa don ɗorawa a sabarka, Cloudflare ne kaɗai ya yarda da shi. Idan ka kashe alamar gajimare mai ruwan lemo da ke shafin DNS na Cloudflare ta koma toka, kowa zai ga gargaɗi nan take.

Karkatarwa daga http zuwa https a wuri ɗaya ake yin ta. Idan tana cikin .htaccess, tana cikin filogin, tana kuma Cloudflare, zaɓi ɗaya ka kashe sauran.

8. Share ajiya, gwada da kuɗi

Share ajiyar filogin na saurin shafi, da ta Cloudflare, sannan ka gwada a tagar sirri ta burauza. Sake gwajin SSL Labs; ya nuna TLS (tsarin ɓoye bayanai na https) 1.2 da 1.3, domin manyan burauzoji sun watsar da 1.0 da 1.1 tun 2020. Daga nan ƙirƙiri kaya mai ƙaramin farashi, kamar sefa 100 ko mafi ƙarancin da kamfanin biyanka ke karɓa, ka saya da kowace hanyar biya da kake da ita, ɗaya da tsohuwar wayar. Ba a gama ba sai odar ta sauya matsayi da kanta ba ka taɓa ta ba. Bayan haka bi ododin da suka maƙale a kwanakin matsalar ɗaya bayan ɗaya, ka gwama da lissafin kamfanin biya, ka kira waɗanda kuɗinsu ya shiga.

Kada ka kunna HSTS, saitin da ke tilasta wa burauza buɗe shagon ta https kawai, sai komai ya zauna. Yana hana burauza wuce gargaɗi ko da mutum ya so, abu ne mai kyau, amma idan ka sa shi na shekara guda sannan satifiket ya faɗi, ƙofa ta rufe gaba ɗaya. Fara da max-age=300, wato minti biyar, ka riƙa ƙarawa.

9. Abin da za a kashe

Satifiket ɗin Let's Encrypt da AutoSSL kyauta ne, haka SSL Labs da Better Search Replace. Ɓoye bayanan da na kyauta ke yi daidai yake da na saye, kuma koren sunan kamfani da masu tsadar ke nunawa a gefen adireshi, Chrome ya cire shi tun 2019. Idan mai hostin ya ce sai ka sayi satifiket kafin gargaɗi ya tafi, tambaye shi me ya hana na kyauta aiki.

Mai na saye kuma ya lura da wannan: an amince a rage tsawon rayuwar satifiket zuwa kwana 200 daga Maris 2026, kwana 100 daga Maris 2027, da kwana 47 daga Maris 2029. Liƙawa da hannu sau ɗaya a shekara ta zo ƙarshe, sai a koma wa sabuntawa ta kai tsaye tun yanzu.

Idan za ka ba wani aikin, ku yi ciniki a kan sakamako: sarƙa ta cika a SSL Labs, babu Mixed Content a shafin biya, oda ta gwaji ta wuce, kuma certbot renew --dry-run ya yi nasara a gabanka. Buɗe masa asusu na daban, ka rufe bayan ya gama. Rajistar sunan shagon da asusun hostin su kasance da sunanka da imel ɗinka, ka sa tuni a kalandar wayarka kwana 20 kafin ranar ƙarewar satifiket da wata guda kafin ta sunan.